Sabulu Sittin Zuwa Sakata

Osaka, 18 ga Oktoba

Kawu Tomezo,

Ina gaishe ka da ladabi. Iskar kaka ta fara sanyi a nan Osaka, na san a Sakata kuwa tuni kun fito da teburin ɗumi, mai bargo da hita a ƙarƙashi. Ina fatan kana lafiya, gwiwar da Mama ta ce tana damunka kuma ta yi sauƙi.

Wataƙila sai ka ɗan yi tunani kafin ka gane ni. Ni ce Mizue, 'yar Setsuko, jikar ƙanwar mahaifinka. Sau biyu muka taɓa haɗuwa. Na farko ina ƙarama, ka ɗauko 'yar tsana daga shago ka ba ni, ka ce kada in gaya wa matarka Inna Kiyo. Na biyu ranar jana'izarta. Na so in buga waya, Mama ta ce kunnuwanka ba sa shiri da waya, in rubuto ya fi.

Na gama jami'a a watan Maris, na samu aiki a Hoshiya, kamfanin sarin kayan wasan yara. Bayan na yi wata shida ina jan kwali a sito, yanzu an ɗora ni gwaji a teburin rabon kaya, inda ake yanke shagon da za a aika wa kaza da wanda za a aika wa kaza. A watan Maris za a duba. In ban gamsar ba, za a mayar da ni teburin amsa waya da dafa shayi, inda sauran matan da muka shigo tare suke. Ba na raina aikinsu, Kawu, amma rabon kayan nan nake so, so mai tsanani.

Ga abin da ya hana ni sukuni. An ba ni takardun cinikin shekara uku in jera, sai na zauna na kwatanta na'urorin wasa biyu da muka fi sayarwa, babbar da ake jonawa da talabijin da ƙaramar ta aljihu. Babbar tana tashi a Yuli da Disamba, wato lokacin da ake ba ma'aikata garaɓasa, da Kirsimeti ta wuce kuma sai ta kwanta. Ƙaramar ba haka take ba. A manyan kantunan Osaka, makon farko na Janairu ya fi makon Kirsimeti ciniki a duk shekara ukun. Na sake lissafin sau uku don kada in yi kuskure. Amma a shagunan ƙananan garuruwa, wannan makon babu ko ɗaya.

Me ya sa, Kawu? Ba ni da wanda na sani mai shago a ƙaramin gari sai kai. In tambayar ta zama damuwa, ka yi haƙuri ka share ta.

'Yarka,
Mizue

Sakata, 2 ga Nuwamba

Mizue 'yar Setsuko,

Wasiƙarki ta iso. Gwiwa tana nan, ni ma ina nan, muna haƙuri da juna. Na tuna ki sarai. Ke ce yarinyar da aka ba 'yar tsana, maimakon ta yi murna sai ta juya ta tana neman takardar farashi. Ashe halin bai bar ki ba.

Na'urorinki biyu a nan suna da suna. Babbar Tubali nake ce mata, ƙaramar Sabulu, ki dubi sifarsu za ki gane. Tubali kayan uba ne. Yakan shigo a Disamba da kuɗin garaɓasa a aljihun ƙirji, ya tsaya yana kallon farashin ko zai ji kunyarsa ya ragu, ya fita, ya sha taba, ya dawo ya saya. Sabulu kuwa yaro yake so, kuma yaro ba ya riƙe kuɗin kansa sai an ba shi goron sabuwar shekara a ambulan.

Kin tambayi dalilin da ba ma ciniki a farkon Janairu. Sai da na yi dariya har na yi tari. Malama mai digiri, ai a rufe muke. Tun zamanin babana, ƙyauren ƙarfen shagon nan yakan sauka da yammacin jajibirin shekara, ba ya tashi sai ran huɗu ga wata. Duk layinmu haka ne, har mai aski.

Abin dariyar, a kwanakin ne garin yake cika da yara. 'Ya'yanmu da suka gudu Tokyo da Yokohama sukan kwaso jikoki su kawo. Kakanni su cika musu aljihu da ambulan, sannan su kama talabijin suna kallon tseren ɗaliban jami'a daga safe har rana. Sai ki ga yaran suna zagaye layi cikin dusar ƙanƙara suna leƙen shagunan da ke rufe. Ran uku a loda su a jirgin ƙasa, kuɗin ya bi su birni. Da ƙyauren nan a buɗe yake da Sabulu a kan kanta, ai da sun cinye ni ɗanye.

Na sa miki busasshen kaki a ƙunshin, ɗan itacen nan mai zaƙi. Ki ba Setsuko rabi, ki ce mata na san ta ƙi zuwa ne don tsoron sanyi.

Tomezo

Osaka, 9 ga Disamba

Kawu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan dusar ba ta yi muku yawa ba. Kakin ya iso lafiya, Mama ta cinye nata ta shiga nawa. Ta ce in gaya maka sanyin ba ƙarya ba ne. Ka gafarce ni da jinkirin amsa, ban so in rubuto ba sai da magana a hannu, yau kuwa tana hannu.

Ranar da na karanta wasiƙarka a jirgin safe, sai da na wuce tashar da nake sauka. Ashe ba ƙin saye ake yi a garuruwa ba, babu inda za a saya ne. Mu kuma a ofis mun ga babu ciniki, sai muka daina aika kaya, muka tura Sabulu duka manyan kantunan birni. Shekara da shekaru ana haka, kowa yana ganin ya bi lissafi.

Na ɗauki wata guda ina shirya bayanin. Na buga wa shaguna goma sha ɗaya a garuruwa daban daban na tambayi ranar da suke buɗewa, tara suka ce ran huɗu, biyu suka ce ran biyar. Jiya na kai wa shugaban sashenmu, Kuroiwa. Mutum ne da ba ya ɗaga kai in kana magana, sai ya ci gaba da buga hatimi a takardu. Na yi bayani har na ƙare bai dube ni ba. Can ya kira ni da sunan gidanmu ya ce, "Nagase, wa ya gaya miki yaron ƙauye yana da kuɗin Sabulu?"

Na ce, "Yallaɓai, ba yaron ƙauye ba ne. Yaron Tokyo ne a gidan kakarsa."

Sai ya ajiye hatimin. Kawu, tun da na zo ban taɓa ganin ya ajiye shi ba. Ya ce magana ce mai daɗi a takarda, amma ba zai cire kaya daga bakin manyan kantuna saboda takarda ba. In na samo shago ɗaya da zai buɗe ran biyu da ran uku, zai ware mini Sabulu sittin in gwada. Ya ƙara da cewa in suka dawo a kwalinsu, shi ma ya san shayin da yake so, mai ɗan ɗaci.

Ka ga inda na nufa. Ina roƙonka ka buɗe shagon ran biyu da ran uku ga Janairu, wannan shekarar kawai. Ba za ka biya komai ba sai abin da ya fita, ragowar mu za mu kwaso. Na san al'adar mahaifinka ce, ba abin wasa ba ce, kuma na san na yi rashin kunya da na roƙa alhali sau biyu kacal ka gan ni. Amma kai ka ce da sun cinye ka ɗanye, ni kuma tun ranar nake ganin layin yaran a idona.

Za a rufe rabon motar arewa ran ashirin ga wata da rana. Ko e ko a'a, layi ɗaya ya ishe ni, in dai ya iso kafin nan.

'Yarka mai jira,
Mizue

Osaka, 21 ga Disamba

Kawu,

Ina gaisuwa. Abu na farko, ina fatan lafiya ce ta sa shiru, ba ciwo ba. Mama ta ce da wani abu ya same ka da mun ji.

Amsarka ba ta zo ba. Kullum ina duba akwatin gidanmu safe da yamma, har na zura hannu ciki ko ta maƙale. Na tambayi mai rabon wasiƙun unguwarmu har ya fara sauya hanya in ya hango ni. Ran sha tara na kasa haƙuri na buga wayar shago. Ka ɗauka. Na ce, "Kawu, Mizue ce." Ka ce, "Wa?" Na maimaita da ƙarfi har ofis ya waiwayo. Ka ce ba ka sayen inshora, ka ajiye.

Jiya da rana Kuroiwa ya tsaya a kaina da takardar mota, ya tambaya ko mai shagon ya amsa. Na ce bai amsa ba. Ba zan iya ce masa ka amsa ba alhali ba ka amsa ba. Ya ce to shawara tawa ce, in sa hatimina ko in bar layin babu komai, shi zai je shan taba ya dawo.

Na fito da wasiƙarka ta Nuwamba na sake karantawa. Na yi tunanin da a'a ce, da ka faɗa da wuri don kada in wahala. Na yi tunanin mutum irinka ba zai rubuta cewa ya yarda ya karya al'adar mahaifinsa ba, zai dai yi shiru ya bari a kawo. Na sake duba maganar cinye ka ɗanye. Sai na buga hatimina.

Kawu, ban taɓa yin abu ba tare da tabbaci ba, ko laima ba na ɗauka sai na ji hasashen yanayi sau biyu. Amma kuma wani irin daɗi nake ji wanda ban san sunansa ba. Kwali shida ne, goma goma, za su iso ran ashirin da shida. Akwai takardun talla biyu a kwalin farko na liƙawa a gilashi. In na fassara shirunka daidai, na gode har zuciyata. In na yi kuskure, ka gaya mini.

Mizue

Sakata, 27 ga Disamba

Mizue,

Lafiyata ƙalau, tunda kin tambaya.

Kwalayenki sun iso jiya. Ban ji bugun direban ba, sai maƙwabciyata Oikawa mai awara ce ta sa hannu ta karɓa, ta karanta abin da ke jikin kowane kwali da ƙarfi a tsakiyar layi. Abin da Oikawa ta sani da safe, kafin rana har masunta a teku sun sani.

Na rubuta miki a'a. Ran sha shida ga wata na rubuta a kati, da hannuna na jefa a akwatin wasiƙun da ke bakin gidan wanka. Ban yi kwana kwana ba. Yanzu kin ce bai iso ba. Shekarata saba'in da ɗaya a garin nan, gidan waya bai taɓa ɓatar mini da ko kati ɗaya ba. 'Yan sarin birni sun sha yi mini wannan, a turo kayan da ban nema ba, in na yi magana a ce ai saƙona bai iso ba. Ban zaci sun riga sun koya miki ba, wata tara kacal da fara aiki.

Maganar cinye ni ɗanye hira ce ta tsoho, ba alkawari ba ce. Kwana ukun nan su ne kaɗai Kiyo take zama ta miƙe ƙafa a duk shekara, tun da ta rasu kuma nakan zauna gaban hotonta in yi su da ita. Ƙyauren ba zai tashi ba. Kayan suna nan a lungu, ba abin da zai taɓa su. Ki turo a kwashe bayan hutu.

Tomezo

Osaka, 1 ga Janairu

Kawu,

Barka da sabuwar shekara. Ina yi maka fatan lafiya da ƙarfin gwiwa a cikinta, ta zahiri da ta zuciya.

Wasiƙarka ta ran ashirin da bakwai ta iso shekaranjiya. Ban iya cin taliyar jajibiri ba, Mama ta zaci zazzaɓi ne. Zancen shayi da teburin waya bai yi mini ciwo kamar yadda ka ɗauke ni maƙaryaciya ba. Na kwashe takardun gidanmu kaf, har jaridun da aka ɗaure za a zubar na kwance, ban ga kati ba.

Yau da safe mai rabo ya kawo damin katunan gaisuwar shekara, ɗaure da roba kamar kullum. Baba yana rarrabawa a kan teburin ɗumi, wannan na Mama, wannan nasa, sai ya miƙo mini ɗaya ya ce, "Wannan gaisuwar taki kuwa da zafi take." Kati ne mai hoton zakara, dabbar shekarar bana. A ƙarƙashin zakaran ga rubutunka: "Mizue, na yi tunani, ba zan buɗe ba. Kada ki aiko komai. Sha shida ga Disamba."

Kawu, a katin gaisuwar shekara ka rubuta, mai jan tambarin nan a ƙasan wurin kan sarki. Daga sha biyar ga Disamba duk katin da ke da wannan tambarin gidan waya ajiye shi suke yi sai safiyar yau. Da ka ja masa layi biyu, da ya iso a kwana biyu. Da ka jefa shi ran sha huɗu ma, da ya iso. Ba su ɓatar ba, ka yi gaskiya. Sun adana maka shi da kyau.

Na yi dariya har hawaye, daga baya hawayen suka ci gaba su kaɗai. Ba na faɗa don in wanke kaina duka ba. Katin bai zo ba, gaskiya ne, amma ni ce na ɗauki hirarka na mayar da ita izini saboda abin da nake so ke nan in ji. Ban kuma san abin da kwana ukun suke a wurinka ba. Ka yafe mini. Ka gaishe mini da Inna Kiyo in ka zauna gabanta.

Kada ka buɗe. Ran biyar da an koma aiki zan shirya motar da za ta kwaso kayan, in gaya wa Kuroiwa yadda aka yi ba ragi ba ƙari. Na riga na tambayi Mama yadda ake haɗa shayi mai ɗan ɗaci.

'Yarka,
Mizue

Sakata, 5 ga Janairu

Mizue, 'yar nan,

Barka da shekara. Kada ki turo mota. In kin riga kin turo, direban zai sha shayi ya koma da kwali shida babu komai a ciki.

Wasiƙarki jiya ta iso. Na je na buɗe aljihun tebur, na ƙirga katunan zakaran da na saya, na ga ɗaya ya yi ƙafa. Shi ne a kusa da hannuna ranar, shi ke nan. Maganar da na faɗa miki ta 'yan sarin birni na janye ta, ki yaga wasiƙar. Na gaya wa Oikawa labarin, ta yi dariya har ta zauna a kan bokitin awararta, yanzu duk layi Mai Zakara suke kirana.

Amma tun kafin wasiƙarki ta zo an riga an gama. Bari in ba ki labari tiryan tiryan, tunda ke mai son haka ce.

Ran biyu da hantsi ina teburin ɗumi, na ajiye wa Kiyo wainar shinkafarta da lemo a gaban hotonta, ina kallon masu tsere a talabijin. Sai na ga shayin da ke kofina yana rawa. Na ce girgizar ƙasa ce, na rarrafa zan kashe murhu. Ashe ƙyauren shago ake duka. Na zagaya ta ƙofar baya na leƙa layi. Oikawa ce da laimarta, da jikokinta mata uku na Yokohama, bayansu kuma layin mutane har bakin shagon mai aski, yara da kakanni, kowa dusa a kafaɗa.

Ta zo ta sa baki a kunnena na dama, mai ɗan ji, ta ce, "Tomezo, yaran nan gobe za su tafi. Ka zauna a kan Sabulu kamar kaza."

Na ce mata ƙyauren nan bai taɓa tashi kafin ran huɗu ba, tun babana, kuma Kiyo ta kiyaye wannan shekara arba'in.

Ta ce, "Kiyo? Wa ya ce a ɗaga ƙyaure? Duk sabuwar shekara in ka sha giyarka ka mimmiƙe, ta ƙofar bayan nan Kiyo take miƙa wa yara ƙwallo da katin wasa. Ni kaina na kawo 'ya'yana. Kai kaɗai ne ba ka sani ba a garin nan."

Na tsaya dusa tana zubo mini a ƙeya. Shekara da shekaru, duk ran huɗu in na buɗe nakan ga kaya sun ragu, in ce ƙwaƙwalwata ce, ita kuma ta ce e, tsufa ne. Na shiga na dubi hoton. Wannan murmushin nata dai da na sani.

Ƙyaure bai tashi ba, ki rubuta wannan a rahotonki. Ta kicin aka shigo. Takalman yara suka cika bakin ƙofa har tsakar gida. Na jera kwalayen a kan teburin cin abinci, Oikawa ta tsaya tana tsawa tana shigo da su uku uku. Hanyar ta gaban hoton Kiyo take bi, kakannin kuma suka riƙa danna kan jikokin su rusuna mata kafin su wuce. Rabon gidan nan da irin wannan hayaniyar har na manta, har ni kurma sai da na ji.

Da yaro ya iso sai ya zaro ambulan daga aljihu, ya zazzage, ya rungumi Sabulu, ya manta ambulan ɗin a kan tebur. Tubali biyu da suka rage mini tun Disamba na fito da su ma. Wani uba ya ɗaga ɗaya, ya auna nauyinsa, ya tuna jakunkunan da zai shiga jirgi da su, ya ajiye. Suna nan har yanzu.

Sittin ɗin sun ƙare ran uku kafin azahar. Na ƙarshe mai aski ya saya, ya ce na jikansa ne. Ba shi da jika.

Sai dai kin manta batir, Malama mai digiri. 'Yan ƙwayoyin da nake da su sun ƙare tun ranar farko, mai kayan lantarki kuma a rufe yake. Akwai yarinyar da ta fashe da kuka a kicin ɗina, sai da Oikawa ta cire na rediyonta. An ce daren nan babu tocila mai aiki a unguwarmu.

Kin so in rubuta wanda ya saya da wanda ya biya, na san halinki ko ba ki faɗa ba. Ban samu hannu ba. Amma na share ambulan ɗin da suka bari na zuba a akwatin da ke tare da wasiƙar nan. Ki kai wa mai hatimin naki.

Kawunki,
Tomezo

Osaka, 17 ga Janairu

Kawu,

Gaisuwa da godiya da ban san yadda zan jera su ba. Ina fatan gwiwar ta huce daga tsayuwar kwana biyu, an kuma mayar wa Inna Oikawa batirinta. Na sa sababbi takwas a ƙunshin nan, nata ne, tare da gaisuwata.

Akwatinka a ofis na buɗe shi. Ran biyar na riga na gaya wa Kuroiwa cewa shagon ba zai buɗe ba, laifina ne, ya ce mu yi magana in kayan sun dawo. Da na karanta wasiƙarka sai na miƙe, ban ma nemi izini ba, na juye akwatin a kan teburinsa, bisa takardun da yake bugawa. Ambulan ja da fari da masu hoton zomo da jirgi suka bazu har ƙasa. Kuroiwa ya sunkuya. Ya ɗauki ɗaya mai hoton kwaɗo, ya karanta bayansa a hankali, "Zuwa ga Natsu, daga Kaka. Kada ki kashe duka." Ya ce, "Ta kashe duka?"

Na ce, "Da alama, Yallaɓai."

Ya tambayi nawa ne. Na ce ambulan hamsin da uku, Sabulu sittin. Ɗaya na san na mai aski ne, shida ban san yadda aka biya su ba, don haka ba zan sa su a lissafin goron shekara ba. Na kuma ce shago ɗaya a gari ɗaya bai isa hujja ba, kuma na manta batir. Sai ya ce in daina rage wa kaina farashi a gaban mai saye. Ya ce teburin rabo nawa ne bayan Maris, in fara tunanin watan Agusta, lokacin da ake komawa gida ziyarar kaburbura, tunda jikokin nan dai za su sake zuwa. Ambulan mai kwaɗon bai mayar ba, yana ƙarƙashin gilashin teburinsa.

A rahoton na rubuta cewa ƙyauren shagon bai tashi ba. Ya ja layi a ƙasa ya sa alamar tambaya, na ce haka mai shagon ya ce a rubuta, kuma gaskiya ne.

Wasiƙarka ta ran ashirin da bakwai ban yaga ba, ba na yaga takarda mai kwanan wata. Katin zakaran kuma yana jingine a gaban madubina. Na duba lambar cacar gidan waya da ke ƙasansa ranar da aka fitar da sakamako, bai ci komai ba.

Mama ta ce a Agusta babu sanyi, ba ta da sauran hujja, don haka za mu zo mu gaida Inna Kiyo, ta ƙofar baya in ka yarda. Kafin nan ina da tambayoyi game da Agusta, ba su da yawa, goma sha huɗu ne, suna takarda ta biyu. Na haɗo maka da katin gidan waya guda ashirin, na riga na rubuta adireshina a kowanne. Farare ne, babu zakara, babu jan tambari. Na duba su ɗaya bayan ɗaya, gaba da baya.

'Yarka,
Mizue